Ramin da ya ƙi rufewa a ƙwaurina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin ko Allah zai sa wani mai ciwo irin nawa ya gani ya rage wahala. Ba zan faɗi sunan kowa ba, ba asibiti ba likita, don ba ƙarar kowa na kawo ba.

Ni tela ne ɗan tela. Tun ina firamare nake zama gefen keken mahaifina Allah ya jiƙansa ina sa masa zare a allura ina ɗinka maɓalli, kafin in gama sakandare na iya yanka babbar riga ni kaɗai. Keken ƙafa muke aiki da shi, baƙin Butterfly ɗin nan da kowa ya sani, saboda wutar unguwarmu ba abin dogaro bace. Wanda bai taɓa ɗinki ba zai ɗauka hannu ne jarin tela, to ku tambayi mai keken ƙafa, wuni guda ƙafar dama ce ke nema masa abinci. Da ita nayi aure, da ita na sayi babur, da ita nake riƙe da Inna bayan rasuwar Baba.

Gab da azumin 2018 naje Kantin Kwari sayo shadda da yadi na ɗinkin sallah, na ɗauro kayan a bayan babur, a hanyar dawowa wani mai adaidaita sahu ya shigo min ba sigina ba komai. Abinda na iya tunawa kawai ina kwance a kan titi mutane na ta salati, na ɗaga kai na ga ƙashin ƙwaurina na dama ya huda fata ya leƙo waje, fari tas. A gida aka so a yi rigima, kawuna yace a kaini wajen mai ɗori, yayana yace ƙashin da ya fito waje ya taɓa ƙasa ba aikin mai ɗori bane, shi ya rinjaya. Aka shiga dani tiyata aka wanke wajen aka sa min dogon ƙarfe da sukurori aka ɗaure ƙashin. Gaskiya aikin yayi kyau, ciwo ya rufe, aka cire zare, na fara takawa da sanda, bayan wasu watanni na koma kan keke. Na ɗauka an wuce wajen.

Wata rana da asuba naji wajen tabon yana min zafi, na duba naga ɗan ƙurji ya taso a ƙarshen ɗinkin. Ya nuna ya fashe da kansa, mugunya ta fito, sai ya bar ɗan rami wanda kan ashana ma da ƙyar zai shiga. Wannan ɗan ramin shi ya zauna min sama da shekara biyu.

Abinda kowa zai yi nayi, naje kemis ɗin bakin layi aka haɗa min kafso na sha, kwana kaɗan ramin ya bushe ya yi ɓawo, nace Alhamdulillah. Bayan wani lokaci ya sake kumbura ya fashe a daidai inda ya fashe da farko. Na koma aka canja min wani kafson mai tsada, ya bushe, ya dawo. Aka ce allura ta fi ƙarfi aka min allurai har mazaunaina suka yi tauri ban iya zama kan benci sai a karkace, ya bushe, ya dawo. Kullum haka, ina kan magani lafiya lau, in na gama sai in fara ƙirga kwanaki ina jiran zazzaɓin dare da wannan zogin da nake ji can cikin ƙashi ba a fata ba.

Ta waje kuma babu abinda ba'a zuba a ramin nan ba. Sifirit, aidin, Dettol, ruwan gishiri, zuma, wani ma yace in ɗiga Jik a ruwa in wanke, wannan ya ƙona min fatar gefen har ta saɓule. Wanda na fi yarda dashi shine haidrojin, saboda in matata ta zuba sai kaga yana tafasa yana kumfa, muce kaga dattin na fitowa. Daga baya ne naji cewa kumfar nan iska ce kawai, jini da nama da su kansu ƙwayoyin cutar suna da wani sinadari da ke fasa haidrojin ya koma ruwa da iska nan take, kuma yawan zuba shi yana kashe sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Kullum safe da yamma tana tsugune da auduga da bandeji, bata taɓa yamutsa fuska ba, ni ne ma nake kau da kai saboda warin.

Warin nan shi ya fi cina a rai fiye da zafin. Na daina shiga sahun gaba a masallaci, sai in tsaya can ƙarshen sahu kusa da ƙofa, duk da malaminmu yace lalura ce in ɗaure inyi sallata. Mai kawo ɗinki zai shigo shago ka ga yana ɗan shaƙar iska yana waige-waige, ba zai ce komai ba, amma shaddarsa mai tsada ba zai sake kawo maka ba. In na taka keke na awa ɗaya bandejin ya jiƙe har ya ɓata ƙafar wando. Na fara saɓa alƙawari, ni da aka sanni da cika alƙawari ko a daren sallah, yaran shago suka watse ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe na sayar da keke ɗaya da injin sufaɗi na biya bashin kemis.

Na koma asibiti ba sau ɗaya ba. Aka sa ɗan tsinke mai auduga aka dangwalo mugunyar aka kai lab, takarda ta fito da sunan ƙwayar, Staphylococcus aureus, na haddace sunan nan kamar karatun allo, a ƙasa kuma an jera magungunan da aka ce suna kashe ta. Aka rubuta min ɗaya daga ciki na sha har ƙarshe ban tsallake ko sau ɗaya ba. Ya bushe, ya dawo. To a nan ne fa kaina ya kulle, ga takardar asibiti tace wannan maganin yana kashe wannan ƙwayar, na sha, bata mutu ba, to me ya rage? Dangi suka samu abin faɗa, wannan ba ciwon asibiti bane, jifa ne, abokan sana'a ne suka ga kana samu. Inna ta kirani ɗaki tace, kai ko dai ka taka wani abu ne? Aka yi rubutu aka yi tofi aka yi hayaƙi, ni addu'a ban taɓa rainata ba kuma har gobe ina yi, amma abinda ya dameni shine na fara kallon maƙwabcin shagona da wani ido, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya. Akwai daren da na zauna a tsakar gida ina kallon ƙafar nan nace a raina in yanke ta zai kawo ƙarshen abin to a yanke, sai kuma na tuna ƙafar dama ce, na rasa wanda zan faɗa wa, nayi kuka na share hawaye na koma ɗaki.

Yayana ne ya matsa muka je wajen wani likitan ƙashi, dattijo mai furfura, baya sauri. Ya karanta takardun duka, ya sa aka sake ɗaukar hoton ƙafar, ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna min wasu baƙaƙen zobba kewaye da sukurori biyu, yace nan ƙashin ya zaizaye sukurorin sun fara motsi, sannan ya nuna wani ɗan guntu da yafi sauran haske yace wannan mataccen ƙashi ne jini baya zuwa masa. Ya sa wani siririn ƙarfe cikin ramin a hankali, muka ji ƙas, ya taɓo ƙarfen da ke ciki. Yace Malam wannan ba ƙurji bane, hanya ce, daga kan ƙarfen take har waje.

Nace ranka ya daɗe to me yasa magani baya ci, bayan lab sunce yana ci?

Yace Malam akwai randa a gidanku? Nace akwai. Yace in an kwana biyu ba'a wanke ta ba ka shafa cikinta me kake ji? Nace santsi. Yace in ka zuba ruwa mai kyau ka girgiza ka zubar santsin na fita? Nace a'a sai an sa soso an dirje. Yace to abinda ke jikin ƙarfenka kenan, mu muna ce masa bayofim.

Ya min bayani dalla-dalla kuma zan faɗa yadda na fahimta. Ƙwayar cuta in tana yawo ita kaɗai a cikin jini ko mugunya kashe ta ba wuya, magani na samunta, sojojin jini ma na cinye ta. Amma in ta samu abu mai tauri wanda ba rai gareshi ba, ƙarfe ko roba ko mataccen ƙashi, sai ta manne ta fara fitar da wani yauƙi ta lulluɓe kanta, ta hayayyafa a ciki hawa-hawa. Ƙarfe bashi da jijiyar jini, mataccen ƙashi ma haka, kuma magani ta jini yake tafiya, kaga tun nan an rage masa hanya. Wanda ya isa wajen ma sai ya tarar da yauƙin, wani ya maƙale a sama. Babbar matsalar kuma yace ita ce na can ƙasan basa samun iska da abinci sosai, sai suyi lamo kamar masu barci, basa girma basa rabuwa, alhali yawancin antibayotik irin dangin fenisilin sai ƙwaya tana girma tana gina jikinta suke iya kashe ta. Na saman ne ke ɓallewa su fito su kawo zazzaɓi da mugunya, su magani ke kashewa shi yasa kake jin sauƙi, ka daina sha na ƙasa su farka su cike gurbin. Lab kuma basu yi ƙarya ba, su waɗanda suka ɓalle suke yawo suka gwada, amma ƙwaya ɗaya ɗin nan in tana cikin yauƙinta tana iya jure maganin da ya ninka wancan sau ɗari har zuwa sau 1,000. Yace in na baka wannan adadin ƙodarka zata mutu kafin ƙwayar ta mutu. Su Dettol da aidin kuwa ko bakin ramin basu wuce ba, ko sun wuce ma na saman kawai za su ƙona.

Wallahi ranar naji kamar an sauke min kaya, duk da maganar da ta biyo baya ba mai daɗi bace, don yace sai an sake tiyata an cire ƙarfen gaba ɗaya an kankare ƙashin. Na tambaya babu wani magani mai ƙarfi da zai shiga ciki? Yace akwai ɗaya da ke taɓa irin wannan ƙwayar a cikin yauƙi, rifamfisin, wanda ake bawa masu tarin fuka, amma ba'a bada shi shi kaɗai don ƙwayar na saurin gane shi, kuma yana amfani ne in an kama abin da wuri cikin 'yan makonnin farko, ƙarfe bai fara motsi ba, an kuma buɗe an wanke. Naka ya tsufa. Dan Allah kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis neman sa, ba don haka na faɗa ba.

Abinda ya bani mamaki yace in daina shan duk wani antibayotik na sati biyu kafin aikin, wai don in sun ɗebo nama da ƙashi daga can ciki ƙwayar gaskiya ta tsiro a lab, saboda abinda ake dangwalowa a bakin rami sau da yawa ƙwayoyin fata ne suke cakuɗuwa a ciki. Sati biyun nan na sha azaba, ƙafa ta kumbura, Inna na cewa wane irin likita ne zai hana mara lafiya magani.

Kuɗin aikin bani dasu. Babur ɗin da aka gyara na sayar, matata ta kawo 'yan kunnenta na aure ta ajiye min a kan katifa, nace a'a, tace Malam ƙafar nan ai ba taka bace kai kaɗai. Yayana ya cika sauran. Tsoron da nake ji shine a buɗe a ga ƙashin bai haɗe ba, don likita ya gaya min in haka ne sai an sa min ƙarfen waje, irin mai tsinkaye da ke fitowa ta fata, in yi watanni dashi. Allah ya taimakeni ya haɗe.

Bayan na farfaɗo na roƙi nas ta nuna min ƙarfen. Na zata zan ga tsatsa da ruɓa, abu baƙi mai ban tsoro. Ta kawo shi a ɗan kwanon silba, ƙarfe ne kawai mai ramuka, yana ma ɗan ƙyalli, sai in ka karkata shi ga haske zaka ga wani dishi-dishi mai yauƙi ya kwanta a cikin ramukan sukurorin da ƙasan da ke manne da ƙashi. Gefe kuma ga guntun mataccen ƙashin, ruwan toka, duk ya zama huji-huji. Na daɗe ina kallo, wai wannan ɗan abin da farce zai iya kankarewa shi ya cinye min keke da babur da shekara biyu. A gurbin da suka kankare sun zuba wasu ƙananan duwatsu na siminti irin na tiyata da aka kwaɓa da wani antibayotik mai suna jentamaisin, suna sakin maganin a wajen kai tsaye, daga baya aka sake buɗewa aka cire su. Sakamakon naman da suka kai lab ya nuna ƙwayar nan dai ce, amma biyu daga cikin magungunan da takardar farko tace suna kashe ta yanzu basa yi mata komai, likita yace wannan kuma ladan kafson da aka yi ta sha ana dainawa ne. Aka ɗorani kan magani na sati shida, farko ta jijiya sannan na haɗiya.

A kwancen nan ne ƙanina da ke karatun ƙananan halittu a jami'a yake zuwa jinya da daddare, shi ya riƙa bani labarin abin don ya ɗebe min kewa. Yace mutumin da ya fara ganin wannan abu ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, yana haɗa gilasan ƙara girman abu da hannunsa, a 1683 ya kankaro farin dattin da ke jikin haƙoransa ya duba ya ga halittu na motsi, ya kuskure baki da ruwan khal mai ƙarfi ya sake dubawa ya tarar na ciki na nan da ransu, na waje kawai ya kashe. Nayi dariya har ɗinkin ya motsa, nace ashe ɗan Kwari ne. Ya kuma ce a 1957 a Ingila an gwada a jikin mutane, an ga sai an sa miliyoyin wannan ƙwayar tawa a fata kafin ta yi ƙurji, amma in da ɗan zaren siliki na ɗinkin ciwo a wajen, kamar guda 100 ma sun isa. Zare fa, abinda nake wasa dashi kullum. Wani masani ɗan Kanada Bill Costerton shi ya fito da maganar sosai a 1978, kafin nan yawancin binciken duniya akan ƙwayoyin da ke yawo a ruwa ake yi.

Da na san abin sai na fara ganinsa ko'ina a ɗakin da nake kwance. Dattijon gadon kusa dani robar fitsari gareshi, duk bayan ɗan lokaci sai ta toshe zazzaɓi ya rufe shi, ba'a tsaya wanke ta, cirewa ake a sa sabuwa. Wani mai ciwon suga da gyambo a tafin ƙafa kullum sai an kankare masa har jini ya fito yana ihu yana zagin nas, da ni ma zan ce mugunta ce, yanzu na gane me take cirewa. Har kanular hannuna, 'yar robar da ake sa min magani ta jijiya, da ake canja wa waje ina mita, na daina mitar.

Yanzu ramin ya rufe, shekaru kenan ba ɗigo ko ɗaya. Tabon ya lotsa ciki, fatar wajen siririya ce mai sheƙi, in sanyi ya shigo ƙashin na min tsami. Likita bai taɓa ce min na warke ba, cewa yake ciwon yayi shiru, don ciwon ƙashi irin wannan yana iya tashi ko bayan shekaru masu yawa, yace duk ranar da naji zogi ko naga kumburi in zo wajensa kai tsaye kafin in haɗiyi ko ƙwaya ɗaya. Keken ƙafa na barwa yara, na sa wa nawa injin lantarki ina haɗawa da ƙaramin sola, masu kawo ɗinki sun dawo ba duka ba. Maƙwabcina da na so in zarga shi ya riƙe min wasu kwastomomin yana ɗinka musu da sunana yana aiko wa iyalina kuɗin lokacin da nake kwance, har yau bai san abinda ya taɓa ɗarsuwa a raina ba. 'Yan kunnen matata na mayar mata da sallar bara, bashin yayana ne har yanzu nake biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.